Yadda na daidaita birij ɗin tiremolo na jitar lantarki a Kaduna

Jitar ƙirar Stratocaster ce, ta hannu, yin Asiya, mai birij ɗin tiremolo na sukurori shida. Birij shi ne farantin ƙarfen da wayoyi ke hawa a jikin jita, abin da masu goge da garaya ke kira jaki, sai dai wannan yana motsi: ka danna hannunsa murya ta sauka, ka saki ta dawo. Ta zo da siraran wayoyi masu lambar kauri 9 zuwa 42. Da suka tsufa aka sa mata masu lamba 10 zuwa 46, don su ne a shago, daga nan komai ya rikice. Gindin birij ya ɗaga har ɗan yatsa na shiga ƙarƙashinsa, wayoyi suka yi nisa da wuya, in ka saita ɗaya sai sauran biyar su sauka, in ka danna hannun kuwa wayar G, wato ta uku daga mafi siranta, ba ta komawa inda take. Shi kansa hannun lilo yake yi a raminsa. Makaɗa da yawa a garin nan in sun gamu da haka sai su zare hannun su jefa cikin jaka su haƙura, alhali gyaran bai fi ƙarfin mutum mai rula da haƙuri ba.

Sai an san abin da ke bayan jitar sannan sauran bayanin zai shiga kai. Leo Fender ne ya fito da wannan tsari a 1954, kuma har yau kusan duk masu kwaikwayonsa haka suke yin sa. In ka kwance murfin robar da ke baya za ka ga dunƙulen ƙarfe, wato bulok, manne da ƙasan birij. Sifirin sun maƙale a jikinsa, ɗaya bakin nasu kuma yana rataye a wani ƙarfe mai ƙugiyoyi biyar wanda dogayen sukurori biyu suka riƙe a cikin katako. Wayoyi na jan birij gaba, sifirin na jan sa baya, kamar sikelin 'yan kasuwa: duk ɓangaren da ya fi nauyi shi zai rinjaya. Wayoyi masu lamba 9 suna ja da ƙarfin kimanin kilo 38 in an saita su, masu lamba 10 kuwa kimanin kilo 46. Wannan ƙarin na kusan kilo 8 shi ya ɗaga gindin birij, ba wani abu ne ya karye ba. Shi ne kuma dalilin da ya sa saita waya ɗaya ke sauke sauran: ka ƙara mata ja, birij ya ƙara sunkuyawa, sauran su yi sako-sako.

Zangon farko shagon kayan sauti ne a cikin gari, wajen Ahmadu Bello Way. Yaron shagon ya jujjuya jitar ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ba wani abu ba ne. A ɗaure sifirin tam, birij ya kwanta, shi ke nan." Ba ƙarya ya yi ba, hanya ce da ake bi, kuma zan dawo kanta. Amma in birij ya kwanta a jikin katako, hannun ƙasa kawai zai iya yi, ba zai ba ka wannan lallausar girgizar da ake so a kiɗa mai sanyi ba, wadda ke bukatar murya ta ɗan hau ta ɗan sauka. Na tambayi sifirin da sabon hannu, aka ce babu, sai an yi oda daga Legas. Waya kaɗai na saya, naira 12,000 a farashin lokacin, na kuma sa aka rubuta mini rasit. Jabun wayoyi sun yi yawa, kuma jabu ba ta zama a saiti ko da birij ɗinka lafiya yake. Na kamfanin D'Addario suna da lamba a jikin ledar ciki wadda ake iya tantancewa a shafinsu na intanet, ka duba ta tun kana tsaye a shagon.

A gida na buɗe bayan na ɗauki awo kafin in yi odar komai, kuma wannan mataki shi ya fi kowanne ceton kuɗi. Kayan jitar Amurka da inci ake auna su, na Asiya da milimita, ba sa shiga juna. Daga tsakiyar sukuru na farko zuwa tsakiyar na shida a gaban birij, tsohuwar ƙirar Amurka milimita 56 ce, yawancin na Asiya kuwa milimita 52.5. Tawa 52.5 ce. Haka tiredin hannu, wato zaren da ake murɗa shi da shi cikin raminsa: na Amurka 10-32 ne, na Asiya M5 ko M6. In ka tilasta na wani a ramin wani, yana iya shiga zagaye biyu ya cije, ka matsa ya cinye tiredin. Abin da na tarar a ciki: sifirin uku, ɗaya ya yi tsatsa ya miƙe har ana hango haske tsakanin zobbansa ko da an cire shi, ɗaya daga cikin sukurorin ƙugiya yana juyawa a banza don katakon ya cinye, sukurori shida na gaba kuwa an ɗaure su har ƙarshe. Na kara maganaɗisu a jikin bulok bai kama ba, alamar gamin tutiya ne ba ƙarfe ba, shi ya sa tiredin ramin hannun ya mutu da wuri.

Daga nan sai Panteka, da birij ɗin a cire cikin leda. A can na sayi kayan aiki: jerin alanki na milimita, don ƙanana sukurorin sirdi, wato ɗan ƙarfen da kowace waya ke hawa a kan birij, 1.5 suke ci, ƙarfen cikin wuya mai miƙar da shi kuma galibi 4 ko 5 a jitar Asiya. Fila-geji irin na kanikawa, na auna siririn gibi. Rular ƙarfe wadda awonta ya fara daga baki cif. Da samfefa mai laushi lamba 600. Duka ba su kai naira 8,000 ba. Wurin mai injin tana ne aka yi jira, don yana kan aikin wani, kuma wuta ta ɗauke a tsakiya. Da ya zo kaina ya leƙa ramin ya ce, "Malam, wannan M5 ne ya mutu. In buɗa maka zuwa M6, amma bulok ɗin siriri ne, in na matsa zai tsage, sai a hankali." Ramin M5 da ya cinye faɗinsa ya kai kusan milimita 5, daidai abin da taf, wato ƙarfen yanka tiredi, na M6 ke bukata, don haka da hannu ya yanka sabon tiredin, yana ɗiga mai, yana juyawa gaba yana dawowa baya don kwakkwaɓin ya fita. Ya kuma ɗan faɗaɗa hujin farantin sama don sabon hannu ya wuce. Naira 2,000 ya karɓa. Da bulok ɗin ya tsage, da sai sayen sabon birij gaba ɗaya, a nan ne awon 52.5 zai yi amfani.

Sai da na tabbatar da tiredin sannan na yi oda wajen wani mai sayar da kayan kiɗa a kasuwar Alaba: sifirin uku da hannu mai tiredin M6. Kada ka tsaya a faɗa da baki. Ka tura hoton kayanka da rula a gefe, ka ce shi ma ya turo hoton abin da zai sa a kwali kafin ka tura kuɗi, ka ajiye shaidar turawar. Kayan naira 9,000, kuɗin mota naira 3,000. Bayan ya kai tasha sai ya turo hoton takardar webil da lambar direba, su ne za ka nuna a wurin karɓa, kuma sunan da ke jikin kwalin ya dace da na katin shaidarka, don wasu ofisoshin tasha sai sun gani suke ba da kaya. Jiran ya zarce abin da aka faɗa, lambar direba ta ƙi shiga, har na fara tunanin kuɗin sun tafi. Ashe kayan sun iso suna ajiye, ba wanda ya kira. In ranar da aka ce ta wuce, ka je tashar da ƙafarka, kuma ka buɗe kwalin a gabansu.

Yanzu aikin kansa. Na jiƙa sirada shida da sukurorinsu a kananzir, na goge da tsohon burushin haƙori, na jera su yadda suka fito. Ramin sukurun ƙugiya da ya cinye na cusa masa tsinken sakace da gam ɗin kafinta har ya cika, na bar shi ya kwana, washegari na yanke abin da ya fito na mayar da sukurun. Kada a yi gaggawa a nan, wannan sukurun rabin jan sifirin yake ɗauke da shi. Akwai siririyar wayar atin, mai kashe gurnanin lantarki, da aka like da dalma a jikin ƙugiyar. In ta tsinke, amfilifaya zai riƙa gurnani ko da hannunka na kan wayoyi, don haka a lura da ita. Sukurori shida na gaba su ne aka fi kuskurewa. Ba riƙe birij suke a ƙasa ba, a jikinsu yake jingina yana lilo. Yadda kamfanin Fender ya tsara shi ne, birij na kwance ba waya, a sassauta duka shidan har kansu ya ɗaga milimita 1.6 daga farantin, sannan a mayar da biyu na gefe su sauka har su taɓa farantin kawai, ba tare da sun danne shi ba. Huɗun tsakiya a bar su a ɗage. In ka ɗaure biyun nan fiye da kima za ka ga gindin birij ya fara ɗagawa da kansa, sai ka koma baya kaɗan. Na shafa ɗan basilin a ƙarƙashin kan kowane sukuru, na gwada da hannu, farantin na tashi yana komawa ba cijewa.

Dabarar da ta raba ni da zagayen saita-wannan-wancan-ya-sauka ita ce a hana birij motsi har a gama komai. Gibin da ake so tsakanin gindin farantin da jikin jita inci ɗaya bisa takwas ne, kimanin milimita 3.2. Kaurin katin ATM milimita 0.76 ne, ka ga huɗu a haɗe sun ba da kusan 3. Na sa sabbin sifirin uku a miƙe, biyu a gefuna, ɗaya a tsakiya, na danna hannun birij ya ɗaga, na zura gefen tsofaffin katuna huɗu a ƙarƙashin gindinsa, can nesa da inda lambobi suka yi tudu, sannan na ɗaure sukurorin ƙugiya har farantin ya matse katunan gam. Yanzu birij ya zama kamar marar motsi. Na zura wayoyi ta baya cikin ramukan bulok, na naɗa masu kauri zagaye biyu zuwa uku a kunne, wato abin murɗa waya da ke kan jita, sirara uku zuwa huɗu, kowane zagaye a ƙarƙashin na baya ba hawan juna. Naɗi mai yawa ajiyar sako-sako ne, duk danna hannu sai ya warware kaɗan. Bayan saiti na riƙa kama kowace waya ina ɗaga ta a hankali daga wuya, tun daga birij har kai, ina sake saitawa, har ta daina sauka. Sabuwar wayar da ba a ja ba za ta sa ka zargi birij a banza.

Daga nan tsari ne da ba a tsallakewa: wuya, sannan tsayin waya, sannan daidaiton murya, don kowanne na taɓa na bayansa. Wuya: ka sa kafo, wato matsin da ke danne wayoyi duka, a firet na farko (firet su ne siraran ƙarafan da aka gitta a wuya), ka danne waya mai kauri a firet na ƙarshe, ka auna gibin da ke tsakaninta da kan firet na 8. Milimita 0.25 ake nema. Nawa ya wuce haka sosai, don wayoyi masu nauyi sun ƙara lanƙwasa shi. Na ɗaure ƙarfen cikin wuya ta hannun dama, kwatan zagaye kawai, na bar katakon ya huta kafin in sake aunawa. In ka ji ƙarfen ya cije, tsaya, karyewarsa ta fi duk matsalar da ka zo da ita tsada. Tsayin waya: a firet na 17, milimita 1.6 daga kan firet zuwa ƙasan waya, wato katin ATM biyu da ɗan sarari. Kowane sirdi na da ƙafafu biyu, a juya su daidai wa daida don kada ya karkace. Ƙafar da ba ta taka farantin ba ita ke yin ƙarar da za ka yi ta nema ba ka gani ba. Daidaiton murya: tsawon waya a irin wannan jita milimita 648 ne, firet na 12 shi ne rabi. Ka kaɗa waya a sake, ka danna ta a firet na 12, ka duba tiyuna, na'urar da ke nuna ko murya ta yi daidai. In ta haura, ka ja sirdin baya nesa da wuya. In ta gaza, ka tura shi gaba. A sassauta wayar kafin a ja sirdi baya, in ba haka ba kan sukurun zai lalace.

Sai da duk wannan ya kammala na juya jitar na fara sassauta sukurorin ƙugiya, kwatan zagaye wannan, kwatan zagaye wancan, ina taɓa katunan. Ana cikin haka sai suka zame da kansu. A daidai wannan gaɓa jan sifirin ya yi daidai da jan wayoyi, birij na shawagi a milimita 3, tiyuna kuma ta nuna wayoyin na nan inda na bar su. In bayan cire katin duka sun ɗan haura, sassauta ƙugiya kaɗan. In sun sauka, ɗaure kaɗan. Kada ka taɓa kunnuwa a wannan lokaci. A kuma auna jitar tana riƙe yadda ake kaɗa ta, ba a kwance a tebur ba, don nauyin bulok na sauya saitin. Hannun kuma na naɗa wa tiredinsa farin tef na masu gyaran famfo zagaye biyu, ya tsaya inda aka ajiye shi. Ba a murɗa shi har ƙarshe, haka ake tsaga bulok.

Na ɗauka an gama, ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Na danna hannun na saki, biyar suka dawo, G ta haura, kuma in ina murɗa kunnenta sai in ji wani ɗan "ƙyas" sannan murya ta yi tsalle. Ga yadda ake rarrabewa: in duka shida suka kauce tare ta gefe ɗaya, laifin na birij ne, ko sukurorin gaba ko sifirin. In ɗaya ko biyu ne, laifin na not ne, wato ɗan farin abin da ke saman wuya wanda wayoyi ke bi ta tsagoginsa. An yanka tsagogin don lamba 9, ga shi an sa 10. In ka danna hannu waya ta saki, sai ta zame ta wajen kunne. Da ta zo dawowa sai tsagin ya riƙe ta, murya ta tsaya a sama. Gwajin mai sauƙi ne: ka danna wayar a bayan not ka saki, in tiyuna ba ta koma daidai ba, ka kama ɓarawon.

Wannan kam ban yi da kaina ba, don tsagin da aka zurfafa ba ya dawowa. Na kai ta wurin wani dattijo a Sabon Tasha mai gyara wa mawaƙan coci da na biki kayan kiɗa. Na tarar da mutane a gabana, na zauna a benci har ya sallame su. Na ce, "Baba, G ce ke maƙalewa." Ya danna ta a firet na 3, ya duba ɗan sararin da ke kan firet na farko, ya ce, "Ɗana, zurfin ya isa, faɗi ne babu." Da allurar da masu walda ke share bakin gas da ita ya yi aikin, yana gogar gefen tsagin kawai, yana karkata hannu ta wajen kunne don wayar ta tashi daga bakin gaba na not. Ya bi da samfefa a ninke, ya goga bakin fensir a kowane tsagi har ya yi baƙi, ya ɗiga man keken ɗinki a ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke danne siraran wayoyi biyu a kai, da inda kowace waya ta hau sirdi. Ya kuma sauke fikof ɗin wajen wuya, wato abin da ke ɗaukar sautin wayoyi, don ya matso sosai maganaɗisunsa na jan waya mai kauri yana sa tiyuna rawa. In an danne firet na ƙarshe, gibin kada ya gaza milimita 2 a ɓangaren masu kauri, 1.6 a na sirara. Wata ƙara kuma da ke biyo bayan kowace kaɗawa ashe sifirin ne ke amsawa, sai ya zura siririn soso a cikin kowannensu. Naira 5,000 ya ce, kuma ta cancanta.

Duk da haka birij mai shawagi na da halinsa da ba gyara ke kawarwa ba. In ka tura waya ɗaya da yatsa don murya ta hau, sauran za su ɗan sauka. In ka jingina hannu da ƙarfi a kan birij, duka su haura. In waya ta tsinke ana tsakiyar wasa, sifirin za su rinjaya, biyar ɗin da suka rage su fita daga saiti gaba ɗaya. Saboda haka wanda ke kiɗan biki da jita ɗaya tilo, ba ta canji, ni a ganina shawarar yaron shagon nan ta fi masa: a bi duk matakan nan ba tare da katin ba, a ɗaure ƙugiya daidai yadda farantin zai kwanta ya ƙi ɗagawa ko an tura waya, ko a ƙara sifirin na huɗu. Shawagi na mai aikin situdiyo ne da wanda ke da jita biyu. Masu birij ɗin Floyd Rose kuwa, mai kulle waya a not da kuma a sirdi, sikelin ɗaya ne, sai dai farantinsu kwance yake daidai da jikin jita ba a karkace ba, da alanki mai milimita 3 ake kwance makullansa, kuma ba a juya ginshiƙansa biyu wayoyi na ɗaure, don kaifin da yake lilo a kai zai dakushe.

In za a canza waya nan gaba, a tsaya a lamba ɗaya, a canza ɗaya bayan ɗaya, ko a mayar da katunan kafin a cire duka. Yanayin Kaduna ma na da hannu a ciki. Da hunturu katako na bushewa ya tsuke, har bakin firet ya fara kartar hannu, ƙura kuma ta cika tsagogin not ta haɗu da mai ta zama dattin da ke riƙe waya. Da damina laima ce ke cin sifirin da ƙananan sukurorin sirdi. Don haka a sake auna gibin firet na 8 da na gindin birij sau biyu a shekara, wajen Disamba in iska ta kankama, da wajen Yuni in ruwa ya zauna, a share tsagogin not da busasshen burushi kafin a sake goga fensir.